Gilashi mai waya ko mai kumfa a jikin matakala?

Malam, mai kumfar za ka ɗauka, wato wanda sinadarin cikinsa ke kumbura ya zama kumfa idan wuta ta taɓa shi. Tunda bangon gilashin naka tsakanin ofisoshi da matakalar bene yake, kuma mai zanen ginin ya rubuta maka EI 60, wato wanda zai tare gobara da zafinta na minti 60, to maganar gilashi mai ragar waya a cikinsa ma ba ta taso ba, ko da mai sayarwar ya rantse maka cewa nasa ma na awa ɗaya ne.

Wataƙila ma bai yi ƙarya ba, amma awa ɗaya ta me? A ƙa'idar Turai ta EN 13501-2, harufan da ke gaban lambar su ne maganar. Mai E zai tsaya a gurbinsa, ya hana harshen wuta da iska mai zafi ratsawa, shi ke nan aikinsa. Mai EW yana ƙarawa da rage hucin da ke fitowa, kada ya wuce kilowat 15 a murabba'in mita idan an auna daga nisan mita ɗaya. Mai EI kuwa zafin kansa yake tarewa: fuskar da ba ta kallon wuta ba za ta ƙaru da fiye da digiri 140 a matsakaici ba, kuma babu wani gurbi a jikinta da zai ƙaru da fiye da 180. Ka kwatanta da abin da ke ɗaya gefen. Tanderun da ake gwajin da shi yana kai wa digiri 842 a minti 30, ya kai 945 a minti 60.

Gilashi mai waya E ne kawai. Wuta na taɓa shi yake tsagewa, wayar ce ke riƙe gutsattsarin kada su zube. Harshen wuta ba zai wuce ba, amma hucin yana wucewa abinsa, kamar ka tsaya a bakin maƙera, har yana iya kunna labule ko takardun da ke kusa a ɗaya gefen. Ka tuna matakala ce, mutane za su bi ta gabansa kafaɗa na gogar gilashin. Kuma wayar da ke sa a ga kamar ya fi ƙarfi, raunana shi take yi. Ya fi gilashin da babu waya saurin fashewa idan mutum ya faɗa masa, sannan hannu ko ƙafa ta shige, wayar ta riƙe ta a cikin kaifin. Saboda irin raunukan nan ne a Amurka dokar gini ta IBC ta 2003 ta janye sassaucin da ake yi masa a makarantu da wuraren wasanni, ta 2006 kuma ta faɗaɗa abin zuwa sauran gine-gine a duk inda mutum zai iya karo da shi. Abin da zan iya yaba masa, siriri ne, ba nauyi, ana yanka shi yadda ake so, kuma yana iya tsare 'yar ƙaramar tagar leƙe a jikin ƙofa idan doka ta yarda. Iyakarsa ke nan a wurina.

Mai kumfar shi nake da shi, tsakanin ɗakin ajiyar kayanmu da matakala. A ido ba ka bambanta shi da gilashin taga sai ka dubi kaurinsa ta gefe. Fallen gilashi ne hawa-hawa, tsakanin kowane biyu akwai wani sinadari garai-garai mai ɗauke da ruwa a jikinsa. Ranar da wayar lantarki ta kama a ɗakin, fallen farko ya tsage, sinadarin ya kumbura ya zama farin kumfa mai tauri, gilashin ya toshe gaba ɗaya ba a ganin komai ta cikinsa. Haka yake aiki: ruwan na ƙafewa yana shanye zafin, kumfan ya zama katanga, idan wuta ta ci wannan hawan sai na bayansa ya karɓa. Ma'aikatanmu da ke sama sun sauko ta gabansa a tsanake, har da wata baiwar Allah da ba ta iya sauri. Daga baya take ce min ita ba ta ma san a nan wutar take ba, ta ɗauka fenti aka shafa wa gilashin. Wannan toshewar ma wani amfani ne da ba a cika faɗa ba, domin wanda bai ga wuta ido da ido ba bai cika firgita ya juya ya koma sama ba. Bayan 'yan kwana-kwana sun gama, fentin matakalar ko kumbura bai yi ba. Gilashin dai ya tashi aiki, sau ɗaya yake yi, sai da aka sa sabo.

Ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Ya fi tsada nesa ba kusa ba. Na EI 60 kaurinsa wajen milimita 23 ne zuwa sama, nauyinsa ya haura kilo 50 a murabba'in mita, don haka idan har da ƙofa a aikin, sai an nemi hinjin da zai ɗauka. Da awo ake odarsa, ba a wurin aiki ake rage shi ba, saboda haka a auna a sake aunawa. Ba ya son ruwa ya taɓa bakinsa, ba ya son rana ta daɗe tana dukansa, sai ya yi hazo. Akwai wani tef da ke zagaye da gefensa, ka gaya wa masu ɗaurawa kada wanda ya ɓare shi da sunan tsafta. Idan wani ɓangare na bangon zai kalli waje, akwai samfurin waje daban mai kariyar rana, kuma yana da fuskar da dole ita za ta kalli waje.

Za a iya kawo maka wasu na tsakiya, masu haske tas babu waya, irin na siramik da ire-irensa. Suna da kyau, sun fi mai waya kyan gani, amma yawancinsu E ne ko EW. Rashin waya ba ya mai da gilashi EI.

Sai abin da ba ka tambaya ba, kuma nan ne ake cutar mutane. Akwai masu ɗauko gasasshen gilashi na gama-gari, wanda idan ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana, su manna masa sitika su ce na wuta ne. Wannan an yi shi ne don kada ya yanki mutum, a gobara kuwa gaba ɗaya yake zubowa ya bar maka rami. Na gaskiya yana da tambari a kusurwa wanda ba ya gogewa, da sunan samfurin da na kamfanin, irin su Pyrostop na Pilkington, Pyrobel na AGC ko Contraflam na Vetrotech. Ko sunan ma kada ya ishe ka, don kamfanonin nan suna da masu EW da sunansu ya yi kama, Pyrodur da Pyrobelite. Duk wanda ya ce maka tambarin ya goge a hanya, ko ya ba ka farashin da ya yi daɗi da yawa, ka tuna araha ba ta ado, ka ƙara gaba.

Dabara ta biyu ta fi wannan wuyar ganewa: gilashi na gaskiya a cikin firam na banza. Alminiyam na narkewa a digiri 660, tanderun gwaji kuwa yana wuce nan cikin kamar minti 10. Ba gilashi kaɗai ake gwadawa ba, tare ake saka shi a wuta da firam ɗinsa, da abin da ke danne shi, da abin toshe gefensa, a wani girma takamaimai. Ka ce a ba ka takardar gwajin, ka duba cewa firam ɗin da za a ɗaura maka shi ne a ciki, kuma tsawo da faɗin gilashinka ba su wuce abin da takardar ta amince da shi ba. Tunda wurin wucewar jama'a ne, a nuna maka matsayinsa na jure karo a ƙarƙashin EN 12600. Ka kai wa jami'in da zai sa hannu a ginin takardun nan ya gani kafin ka biya kuɗin oda, don gilashin da aka yanka da awonka ba mai karɓarsa ya mayar maka da kuɗi.