Deliverance ko Damnation: da wanne za ka fara sauraron Opeth?

Opeth, ƙungiyar mawaƙan progressive metal (salon kiɗan jita mai ƙara da sarƙaƙiya) daga Stockholm ta ƙasar Suwidin, ta naɗi faifai biyu a lokaci guda a 2002, tare da taimakon Steven Wilson, wani mawaƙi kuma mai tsara sauti ɗan Birtaniya. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma hali ya sha bamban.

Deliverance ya fito a Nuwamban 2002. Waƙoƙi shida ne, biyar daga ciki sun haura minti goma. A nan Mikael Åkerfeldt, mai rera waƙa a ƙungiyar, yake gurnani kamar zaki, can kuma sai ya sassauta murya, jita ta yi laushi kamar ba ita ta gama tsawa ba. Ƙarshen waƙar da faifan ya ci sunanta shi ya fi kama ni. Martin Lopez yana dukan ganga, jita na bin sa, suna ta nanata kiɗa ɗaya mai tsalle-tsalle, ka ɗauka ka gano inda bugun zai faɗo, sai ya kuɓuce maka. Na sha mayar da wurin nan baya.

Damnation ya biyo baya a Afrilun 2003. Waƙoƙi takwas, gajeru, babu gurnani ko ɗaya. Sautin Mellotron, wani kayan kiɗa da ake dannawa kamar piyano, shi ne ya lulluɓe faifan kamar hazon hunturu. Faifan dare ne, na zaman kaɗaici.

Wanda kunnensa bai saba da ƙarar metal ba, ya fara da Damnation. Ni dai zuciyata tana wajen Deliverance, domin a cikinsa ne zafin ƙungiyar da sanyinta suke haɗuwa a waƙa guda.