Hattara da masu tallar "biron sanyi" na goge jijiyoyin ƙafa

Jama'a, musamman 'yan uwa mata, abin da ya samu ƙanwata ne ya sa na ce bari in yi magana. Bayan haihuwarta ta biyu sai wasu siraran jijiyoyin jini suka fito mata a cinya da bayan gwiwa, kamar saƙar gizo-gizo. Ba ciwo suke mata ba, ganinsu ne kawai ba ta so. Ana nan ta ci karo da wani shafi mai tallar wani ɗan ƙarfe kamar biro, wai a sa shi a firiza, a riƙa dannawa a ƙafa tare da wani man shafawa, kwana 7 jijiyoyin sun ɓace. Suna ta kiransa "maganin sanyi na likitocin Birazil", ga hotunan ƙafafu sumul. Ta tura kuɗi, kaya kuwa suka iso. Ta yi sati tana dannawa har sanyin ya ƙona fatar, ya bar mata baƙin tabo. Jijiyoyin kuma suna nan daram. Da ta yi ƙorafi, sai aka ce ai ba ta sayi "mataki na biyu" ba, wato sirinji da ruwan allurar da za ta yi wa kanta a gida. Allah ya sa a nan ta kira ni.

Yaudarar tana cin mutane ne domin an jingina ta da gaskiya. Akwai hanyar da likitan jijiyoyin jini Kasuo Miyake ya fito da ita a Birazil a 1999, ana ce mata CLaCS. Ana haska jijiyar da leza, wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, a yi mata allurar ruwan gulukos mai kaurin kashi 75 cikin 100, ana hura iska mai tsananin sanyi a fatar don rage zafi da kare ta daga ƙuna. Aikin sanyin ke nan. Leza da ruwan allurar ne ke lalata bangon jijiyar ta ciki, ta manne, jiki ya shanye ta cikin makonni ko watanni. Babu man shafawa ko ƙarfen firiza da zai yi wannan ta saman fata.

Ita kanta allurar ko a hannun likita ba wasa ba ce. Wasu magungunan in suka zube a nama sai wurin ya zama gyambo, kuma baƙar fata ta fi saurin yin tabo. Ba a yi wa mai ciki, kuma dole likita ya ji ko jini ya taɓa daskare miki a jijiya. Sau da yawa sai an yi sikanin a ga ko babbar jijiya ce ke mayar da jini baya. Mai aiko da sirinji a kwali bai tambayi ƙanwata ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Masu shafin sun toshe lambarta tun ranar. Jiya na ga hotunan ƙafafun nan a wani shafi mai sabon suna.