Kayan tsira daga zaftarewar ƙanƙara: wanne za ka fara saya?

In kana zaune a Turai kuma abokai sun fara janka zuwa tsaunukan Alps lokacin hunturu, can a waje da filayen sulu a kan ƙanƙara da aka gyara, to kafin ka kashe kuɗi a riga mai tsada ka tsaya kan abu uku: na'urar bikon (mai aika sigina da kamo shi don a gano inda mutum ya binne), sandar caka (ta laluben wanda ya binne) da shebur. Wanda dusar ƙanƙara ta binne in aka tono shi cikin minti 15 galibi yana rayuwa, amma da an kai wajen minti 35 to yawanci sun tafi, numfashi ne ke ƙarewa. Jirgin ceto da wuya ya iso cikin wannan lokacin, abokan tafiyarka ne za su tono ka.

Bikon ɗin duk suna aiki ne a kan 457 kHz, saboda haka ta kamfanin Mammut tana jin ta kamfanin Ortovox, babu matsala. Abin dubawa shi ne eriya uku. BCA Tracker ba ta da wahalar sarrafawa, Barryvox ta Mammut tana kamo sigina daga nesa sosai, ita kuwa Diract Voice ta Ortovox magana take yi maka, kuma gaskiya ga sabon shiga wanda hannunsa ke rawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dan Allah kar ka sayi tsohuwa mai eriya ɗaya don arha. Wayarka ma ka nisanta ta da bikon aƙalla santimita 20, tana rikita sigina. Ɗan RECCO (ɗan abu mai mayar da siginar masu ceto) da ake ɗinkawa a jikin riga kuma ba ya maye gurbin bikon, masu ceto ne kawai ke da injin nemansa.

Sanda kar ta gaza santimita 240, ta alminiyam ta fi ƙwari da arha, ta kabon ta fi sauƙin ɗauka. Shebur kuwa na alminiyam kawai, na roba karyewa yake, domin ƙanƙarar da ta zaftaro in ta tsaya daskarewa take kamar siminti.

Sai jakar iska, wato jakar baya da ke kumbura in ka ja igiyarta don kar ƙanƙara ta binne ka da zurfi, wadda kowa ke sha'awa. Mai tukunyar gas ta fi arha amma ja ɗaya ne sai an sake cikawa, ga wahala a filin jirgi. Mai lantarki irin Alpride E2 kana iya hurawa ka gwada sau da yawa a gida, sai dai kuɗinta da zafi. Binciken 2014 ya nuna tana rage mutuwa daga kashi 22 zuwa 11 cikin ɗari, amma in ƙanƙara ta maka ka da itace ko dutse babu abin da za ta yi maka.

Ni dai in kuɗi bai isa ba, zan ce ka yi hayar jakar, ka biya kuɗin kwas ka koyi karanta rahoton haɗari irin na cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta SLF da ke Davos a Switzerland. Ma'aunin daga 1 ne zuwa 5, kuma a mataki na 3 aka fi mutuwa, a gangare mai digiri 30 zuwa 45.