Wata uku ƙanwata tayi a cibiyar kula da mata masu shaye-shaye, ga abinda idona ya gani

Tunda ƙanwata ta dawo gida mata suke ta turo min saƙo a ɓoye, wata tace ƴarta ce, wata tace ƙawarta ce, wata kuma daga yadda take tambayar kin san ita ce da kanta, kowa tambayarta ɗaya, wai wajen nan da kuka kaita yana da kyau kuwa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shiyasa nace bari in rubuta gaba ɗaya. Saida na nemi izininta tukuna, tace Yaya rubuta, kawai kada kisa sunana. Sunan cibiyar ma bazan faɗa ba saboda akwai inda zan faɗi laifinsu, amma duk wadda take shirin kai wata irin wannan waje inaga zata samu abinda zata duba kafin tasa hannu a fom.

Ita dai tata ta fara ne daga tiyatar haihuwa. Aka rubuta mata tramadol na ƴan kwanaki saboda ciwon ɗinki, ciwon ya warke amma ƙwayar bata bar hannunta ba, domin ta gano idan ta sha harda ciwon zuciya take ɗauke mata, kuma lokacin gidan aurenta babu daɗi ko kaɗan. Da auren ya mutu barci ya ƙaurace mata sai ta haɗa da diazepam, daga baya sirop mai kodin, ranar da duk ta rasa kuma sai giya. Wallahi kusan shekara uku muna tare da yarinyar nan bamu gane ba, mu dai muna cewa ta rame ta cika barcin rana, muna ɗora laifin akan mutuwar aure. Saida ta faɗi gabanmu tana jijjiga kamar mai farfaɗiya muka kwasheta zuwa asibiti, likitan yace mana ƙa'idar tramadol kada a wuce miligiram 400 a rana kuma idan an wuce yana kawo irin wannan jijjigar, ita kuwa ta daɗe da ninka hakan.

Farko wani waje muka kaita da ake haɗa maza da mata. Su biyu ne kacal mata a cikin taron maza, kwana tara tayi bata buɗe baki ba a zaman da ake yi na tattaunawa, rana ta goma ta kira ni tana kuka tace in banzo na ɗauketa ba zata haura katanga. A lokacin haushinta naji, na ɗauka bata son warkewa ne. Daga baya na fahimci cewa macen da namiji ya daka shekara da shekaru bazata zauna gaban maza goma sha ta faɗi abinda ya kaita ga ƙwaya ba, ko ni bazan iya ba. Kuma ba ita kaɗai bace, rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi na 2024 ya nuna cikin mata 18 masu wannan lalurar ɗaya ce kawai take samun magani, maza kuma ɗaya cikin 7. Da na karanta wannan jikina yayi sanyi, nace sauran 17 ɗin suna cikin ɗakunansu kenan kamar yadda tamu ta kasance.

To ita wannan cibiya ta biyu mata ne zalla, daga masu jinya har nas nas har masu shara, likita ɗaya ne namiji shima baya ganin mace sai da nas a ɗakin. Abinda ya fara kwantar min da hankali ranar da muka je shine tambayoyinsu. Basu fara da wa'azi ba. Matar data karɓe mu ta tambayeta me take sha, nawa, yaushe ta sha na ƙarshe, sannan tace in ɗan fita, ashe tambayarta tayi ko akwai mai dukanta a gida, ko ta taɓa tunanin kashe kanta, kuma waye zai riƙe mata ƴarta. Kafin su bata ko ƙwaya ɗaya saida sukayi mata gwajin ciki. Na tambayi dalili akace mai ciki tsarinta daban ne, idan tana shan irin su kodin ba a yanke mata lokaci guda saboda cikin zai iya zubewa ko ta haihu ba lokaci ba, ana ɗorata ne akan methadone ko buprenorphine, magungunan da likita yake bayarwa a madadin irin su kodin ɗin, har ta sauka, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ƙa'idojinta na 2014. Giya kuwa babu wani adadi da akace babu komai ga mai ciki. Ƙanwata bata da ciki, amma naga masu ciki biyu a wajen kuma naga yadda ake lallaɓasu.

Anan zan daɗe kaɗan domin nan ne na kusa yin kuskuren da bazan yafewa kaina ba. Kafin mu kaita ni shawarata itace mu kulleta a ɗaki sati ɗaya mu hanata komai, abin ya fita daga jininta shikenan. Da na faɗawa likitan wajen haka saida ya ajiye biro ya kalleni. Yace wanda jikinsa ya saba da giya kullum idan ya daina kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai fara rawa ga gumi ga amai, a kwana biyun farko zai iya jijjiga, kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wani yakan ruɗe ya dinga ganin abinda babu, zuciya na bugawa da gudu, kuma wannan yana kisa. Diazepam ma haka, ba a yanke shi, rage shi ake kaɗan kaɗan tsawon satittika. Shi kodin da tramadol idan aka bari azabar ce tafi yawa, ciwon ƙashi, gudawa, hamma, hawaye da majina, mutum yaji kamar fatarsa ba tasa ba. Ita kuma duk ukun ta haɗa. Don haka sati na farko a ɗakin da nas take kwana aka ajiyeta, ana auna jininta da bugun zuciya dare da rana, ana mata allurar bitamin B1 saboda giya tana cinye shi kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa, aka tsara mata yadda za a sauke diazepam a hankali, aka sata akan buprenorphine wadda ake sawa ƙarƙashin harshe. A wannan ɓangaren ban ga inda suka gaza ba, Allah ya saka musu da alheri.

Umma ce tayi ta faɗa akan buprenorphine ɗin, tace yanzu an cire mata ƙwaya an bata wata ƙwaya, ina amfanin? Nas ɗin ta zaunar da ita tace Mama, wannan bata sa maye idan an sha yadda aka rubuta, tana kashe ƙishirwar abin ne yadda ƴarki zata iya barci ta tashi tayi tunani irin na mutane, kuma tun 2005 tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Umma bata gamsu ranar ba, saida taga ƙanwata ta zauna ta cinye abincinta tas tana hira, abinda muka manta rabon da mu gani.

Akwai abu ɗaya da suka koya musu a aji wanda ni kaina ban sani ba, wai mace da namiji idan suka sha giya daidai wa daida ta macen tafi taruwa a jini saboda ruwan jikinta bai kai nasa ba, kuma hantarta tafi saurin lalacewa, sannan daga farawa zuwa kamuwa mace tafi saurin kaiwa. Ƙanwata tace wannan bayanin ya cire mata wani nauyi, domin da tana ganin ita ce lalatacciya ta musamman.

Amma in kin tambayeta abinda yafi yi mata amfani bazata ce magani ba, zata ce zaman safe. Kullum suna zama a da'ira su takwas ko goma da mai basu shawara, babu mai dariyar wani, abinda aka faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa. A sati na huɗu ne ta iya faɗin abinda tsohon mijinta yayi mata, abinda mu ƴan gida ɗaya bata taɓa faɗa mana ba sai ranar da aka kira mu zaman iyali, ina zaune ina jin ƙanwata tana magana ina ta hawaye domin wasu ranakun da take ba da labari ina tuna na kirata a waya tace min lafiya lau. Likitan ƙwaƙwalwa ya gano tana da ciwon damuwa mai tsanani tun bayan haihuwa wanda ba a taɓa dubawa ba, aka fara mata maganinsa shima. Inda ƙwayar kawai suka cire suka bar wannan da aikin banza akayi.

Maganar ƴaƴa kuma sun burge ni. Mata da yawa abinda yake hanasu zuwa shine wa zan barwa yarana, ko tsoron kada a ƙwace su idan aka ji. Anan mai shayarwa tana shiga da jaririnta akwai ɗakinsu daban, sauran kuma ana kawo musu yara duk sati. Ƴarta mai shekara uku ni nake kaita, ranar farko ta maƙale a jikina taƙi zuwa wajen uwar, ƙanwata ta juya baya tana goge ido, wata ma'aikaciya ta kawo takarda da fensir mai kala ta zaunar dasu a ƙasa suna zane har yarinyar ta sake.

Yanzu inda basu kyauta ba. Sati biyun farko babu waya babu ziyara, wannan na yarda dashi, amma ai ya kamata wani ya kira iyali yace tana lafiya, ni saida nayi ta kira ana cewa a sake kira anjima. Akwai nas ɗin dare ɗaya mai baƙar magana, ta taɓa cewa wata dake kukan ciwon jiki ai ke kika jawowa kanki, na kai ƙara kuma gaskiya an canza mata waje, amma bai kamata ace irinta ta fara shiga ɗakin ba. Likitan ƙwaƙwalwa sau biyu kawai yake zuwa a sati ga mata sunfi ashirin. Sannan kuɗin da suka faɗa mana da farko bai haɗa da gwaje-gwaje da wasu magunguna ba, sai a ƙarshen wata muka ga lissafi ya tashi, don haka dan Allah ki sa su rubuta miki komai tun ranar farko.

Babban laifinsu dai shine sallama. Wata uku tayi, kuma tsawon yayi daidai domin cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ma tace maganin da bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne. To amma kafin ta fito sun sauke mata buprenorphine gaba ɗaya, suka bamu takarda ɗaya da ranar dawowa bayan wata guda, shikenan. Babu wanda ya zaunar damu yace jikinta yanzu ya koma kamar na wanda bai taɓa sha ba, adadin da take sha da taji daidai yanzu zai iya tsayar mata da numfashi. Babu wanda ya ambaci naloxone, maganin da yake farfaɗo da wanda irin su kodin suka yiwa yawa. Sati na biyar da dawowarta tsohon mijin ya kira akan maganar yarinya, da daddare ta samo sirop ta haɗa da diazepam yadda ta saba da. Allah ne yasa na shiga ɗakin neman caja, naji wani irin minshari da ba nata ba, leɓenta yayi baƙi, na jijjigata bata motsa ba, ƙwayar idonta ta zama ƴar mitsitsiya. A asibiti naloxone ɗin nan suka yi mata ta buɗe ido cikin ƴan mintuna. Har yau idan na tuna da ace cajata tana ɗakina sai gabana ya faɗi.

Da na koma cibiyar raina a ɓace yake na faɗa musu duk abinda ke bakina. Abinda zan yaba shine basu kare kansu ba kuma basu kunyata ƙanwata ba, shugabar wajen ta rungumeta tace komawa ba faɗuwa bace, cikin mutum 100 da akayi wa magani 40 zuwa 60 sukan koma ko sau ɗaya ne, kusan kamar yadda mai hawan jini ko asma ciwonsa yake tashi. Nace to tunda kun san haka meyasa baku shirya mu ba? Tayi shiru tace kina da gaskiya. Suka sake karɓarta sati biyu, aka maida ita kan buprenorphine kuma wannan karon ba a gaggauta cirewa ba, tana zuwa ganin likita duk wata, mai bata shawara tana kiranta duk sati, kuma sun haɗata da zaman mata na Narcotics Anonymous da take shiga ta waya, ƙungiyar da aka kafa tun 1953 ta masu taimakon juna su daina.

To in kin tambayeni in kai ko kada in kai, ni zance ki kai, kuma ki nemi ta mata zalla in da hali, wadda take da likita da nas masu kwana, ba inda za a ɗaure miki ƴar uwa ana duka da sunan magani ba. Amma tun kafin ki biya ki tambayesu ranar sallama me zasu baku, wa zai kirata a satin farko, lambar wa zaku kira ƙarfe biyun dare, kuma zasu koya muku amfani da naloxone ko a'a. In sun fara kame-kame ki matsa.

Wata bakwai kenan yanzu bata taɓa komai ba, Alhamdulillah, ita take kai ƴarta makaranta da kanta. Naloxone tana cikin durowar gefen gadona kuma na koyawa Umma yadda ake amfani da ita. Shugabar cibiyar tayi min alƙawari zasu fara zaunar da kowane iyali ayi musu wannan bayanin kafin sallama, watan jiya dana raka ƙanwata na tambayi wata uwa da aka sallami ƴarta ranar tace ita ba a faɗa mata komai ba, sai na tsaya a bakin get nayi mata bayanin da kaina, na bata lambata. Ranar da zamu koma ganin likita zan sake shiga ofishin shugabar in tuna mata.