Masu datse bishiyar da suka ƙi taɓa reshe sai da takarda

Shekara shida ke nan da muka sayi gidanmu a Bronx, wani yanki na birnin New York a Amurka, kuma mun tarar da wata ƙatuwar bishiya a bakin titi, daidai ƙofarmu. Irin wadda ake kira London plane ce, ɓawonta dabbare-dabbare kamar jikin mai ƙyasbi. Da zafi inuwarta ta fi mana fanka. To bara wani reshe ya miƙo har yana gugar tagar ɗakin yara. In iska ta taso da dare sai ka ji ƙiii, uwargida ta ce ita kam ta gaji da tashi duba ko ɓarawo ne.

Wani mai tsohuwar akori-kura ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, ya ce in ba shi dala 150 ya sauke reshen kafin la'asar. Saura ƙiris in yarda. Maƙwabcina Alhaji, mutumin Zangon Kumasi da ya daɗe a ƙasar nan, shi ya tare ni: "Malam, rufa wa kanka asiri. Bishiyar nan ba taka ba ce." Ya ba ni lambar wani ƙaramin kamfani da ya taɓa yi masa aiki.

Mai kamfanin ya zo da kansa, ya zagaya gidan, ya ce ƙaramar bishiyar da ke bayan gida tawa ce, ko yau yana iya rage ta. Ta bakin titi kuwa ta birnin New York ce, Hukumar Lambuna ke da iko da ita, kuma ba zai ɗora mata zarto ba sai da takardar izini. Na ce reshe ɗaya tal? Ya ce ko ɗaya. Wanda ya sare bishiyar titi ba izini ana iya cin sa tarar da ta kai dala 15,000, ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun. Lalata ta ma laifi ne. Hatta haƙa ko gini a tazarar ƙafa 50 da ita sai an nemi izini, dasa sabuwa ma haka. Birnin ya ƙirga bishiyoyin titunansa a 2015 zuwa 2016, ya samu fiye da 666,000, kuma tamu tana kan taswirarsu ta intanet. Ya nuna min ita a wayarsa, ɗan ɗigo daidai ƙofar gidana.

Abin da ya sa na yarda da shi, bai ɓoye min hanyar kyauta ba. Ya ce ina iya kiran 311, lambar wayar kai wa birnin ƙorafi, in kai rahoto, hukumar ta turo mai dubawa, kuma dama suna bin unguwanni layi-layi suna datsewa ba a biyan ko sisi. In ina gaggawa ne sai in biya shi, shi zai cike takardun, ya haɗa da shaidar inshorarsa. Uwargida ta harare ni, na ce a cike.

Da izinin ya fito suka zo su uku. Ɗaya ya hau da igiya a ƙugu, ya fara yanka reshen ta ƙasa, sannan ta sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon. Guntun da ya rage ya yanke shi dab da kumburin gindin reshen, bai shafe shi da jikin itacen ba, wai ta nan raunin ke rufewa. Na roƙe shi ya ƙara rage saman tunda ya riga ya hau, ya girgiza kai, ya ce takarda ba ta faɗi haka ba.

Sai dai ba su da arha: dala 650 har da bishiyar baya. Sun ce ƙarfe takwas, sai goma suka iso, na yi asarar rabin yinin aiki. Garin katako kuma ya lulluɓe motar Alhaji, ni na biya kuɗin wanki.

Saiwar da ta ɗaga simintin hanyar ƙafa ma sun ƙi yanka ta, sun ce in nemi shirin birnin na gyara irin wannan wa masu gidajen iyali ɗaya zuwa uku da ke zaune a ciki. Na kira 311 na shigar da sunanmu. In bishiyar baya ta sake tofowa su zan kira, amma wannan karon sai Alhaji ya matsar da motarsa tukuna.