Kalkuletar Casio fx-991EX a hannun ɗalibin injiniyanci a Jidda

Shekara uku ke nan wannan kalkuleta tana cikin jakata, tun ranar da yayana ya kai ni kantin Jarir bayan sallar la'asar, ya miƙa mini ita ya ce, "Ƙanina, wannan ce fartanyarka, kada ka bari ta yi maka nisa." A lokacin ina shirin fara karatun injiniyancin lantarki a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wadda aka kafa a 1967, kuma ban ɗauki maganar tasa da nauyi ba sai da na shiga aji biyu, darussan da'irar lantarki suka fara nuna mini haƙoransu.

Kamfanin Casio ya fito da ita ne a 2015 cikin jerin ClassWiz, tana da ayyuka 552, tana aiki da hasken rana tare da ƙaramin batir LR44 guda ɗaya. Akwai 'yar'uwarta fx-991AR X mai jerin umarni da Larabci, wadda 'yan'uwanmu haifaffun Makka da Jidda da suka yi makaranta da Larabci suke sha'awa, amma da yake karatun injiniyanci da Turanci ake yin sa, ni na zaɓi ta Turancin. Babban abin da ya sa ake sayen ta shi ne ba a iya ɗora mata manhaja kuma ba ta zana jadawalin lanƙwasa, don haka malaman da na zauna gabansu ba su taɓa hana ni shiga ɗakin jarrabawa da ita ba.

Inda ta biya kuɗinta a wurina shi ne lissafin wutar da ke kai-komo. Wutar Saudiyya tana zagaye 60 a daƙiƙa, saɓanin 50 na Nijeriya, shi ya sa lambar 377, wadda ake samu idan aka ninka 60 da 2π, ta zauna a kanmu a nan kamar yadda 314, wato 50 sau 2π, ta zauna a kan ɗaliban Zariya da Kano. A irin wannan lissafi kowane adadi yana da girma kuma yana da kusurwa, mutum yana ta juya shi daga wannan siga zuwa waccan, kuma kuskure guda a alamar ragi ya isa ya rushe shafi biyu na aiki. Kalkuletar tana karɓar adadin da kusurwarsa kai tsaye, ta haɗa, ta ninka, ta raba, ta mayar da amsa a sigar da aka nema. Na tuna wata jarrabawa da saura minti bakwai a tashi, ina da ikweshan uku masu adadi uku marasa kusurwa da ba a sani ba. Na zuba lambobin, amsa ta fito kafin mai sa ido ya gama zagaye layinmu. Tana warware har ikweshan huɗu a lokaci guda, da matiris, wato jerin lambobi, mai layi huɗu da ginshiƙi huɗu.

Sai dai a nan ne kuma iyakarta ta fi bayyana. Sashen warware ikweshan ba ya karɓar adadi mai kusurwa, alhali irinsu ne suka cika tambayoyin da'ira. Dabarar da manyanmu na aji huɗu suka koya mana ita ce a tsaga kowace ikweshan gida biyu, biyu su zama huɗu, sannan a shigar. Idan adadi mai kusurwa da ake nema ya kai uku, to sai dai alƙalami. Haka kuma amsar haɗe-haɗe da rarrabewa ta kalkulas lamba ce kawai take bayarwa, ba ta nuna hanyar da aka bi, malami kuwa hanyar yake ba wa maki. Teburin lissafinta mai ginshiƙi 5 da layi 45 yana da amfani a ɗakin gwaji, amma yana gogewa da zarar an kashe ta, saboda haka a kwafe sakamako cikin littafi tun da wuri.

Abin da zan ja kunne a kai shi ne jabu. Wani abokin karatuna, Bakano, ya sayi tasa da araha a wani ƙaramin shago a tsohuwar kasuwa, fuska iri ɗaya, kwali iri ɗaya, amma maɓallanta suna maƙalewa, kuma lissafin da tawa ke gamawa nan take sai tasa ta tsaya tana tunani. Ta gaskiya tana fitar da alamar QR a fuskarta, wadda idan aka haska ta da waya take kai mutum shafin kamfanin, kuma yana da kyau a gwada hakan a gaban mai shago kafin a biya. Sabuwar fx-991CW ta fara maye gurbinta a kantuna, da tsarin maɓallai dabam, don haka wanda ya saba da tsohuwar kada ya sauya ana saura mako guda jarrabawa.