WizTree: manhajar da ke nuna abin da ya cinye faifan laftof

Idan ka buɗe This PC ka ga layin da ke ƙarƙashin faifan C ya koma ja, ma'anarsa wurin da ya rage bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Daga nan sai na'ura ta fara nauyi, sabuntawar Windows ta ƙi sauka, wani lokaci ma takarda ta ƙi adanuwa. An fi ganin haka a laftof ɗin da aka saya na hannu masu faifan SSD (faifan ajiya mai sauri) na 128GB, wanda dama Windows ke nuna shi kusan 119GB, domin kamfani da dubu yake ƙirga, Windows kuma da 1024. Abin da mutane suka fi yi shi ne su far wa takardu da hotunansu. Wahalar banza ce: takardar Word marar hotuna ba ta cika kai megabait ɗaya ba, ko dubu ka goge da wuya ka samu 1GB. Manyan masu cin wurin suna can cikin foldojin da ba a leƙawa.

Na yi aiki da WizTree a kan Windows 10 da 11, kuma ra'ayina a kanta shi ne: wajen gano inda wuri ya tafi ban ga wadda ta fi ta sauri ba, amma ban yarda a mayar da ita abin share-share ba.

Kamfanin Antibody Software ne ya yi ta. Kyauta ce ga mai amfanin kansa, ofis ko shago kuma sai da lasisi. Ƙarama ce, 'yan megabait kaɗan, kuma akwai nau'in da ba sai an girka ba, ana iya ɗora shi a filashi a kunna daga can, wanda ke da amfani idan faifan ya cika maƙil. Sirrin saurinta shi ne ba ta bin folda-folda tana ƙirga. Faifan da aka tsara da NTFS, wato tsarin ajiyar fayiloli da Windows ke amfani da shi, yana da wani babban kundi da ake kira MFT, inda aka rubuta sunan kowane fayil da girmansa da wurinsa, shi take karantawa kai tsaye. SSD 128GB ko 256GB cikin daƙiƙoƙi take gamawa, aikin da manhajojin da ke bin folda ɗaya-ɗaya ke ɗaukar mintuna a kai. Sharaɗi biyu ne: a buɗe ta da Run as administrator, kuma faifan ya zama NTFS. A kan filashi mai wani tsarin daban, kamar FAT32 ko exFAT, tafiyar kowa take yi.

Da ta gama, za ka ga foldoji a jere daga babba zuwa ƙarami, a ƙasa kuma wani zane mai akwatuna kala-kala, kowane akwati fayil ɗaya ne, girmansa daidai da wurin da ya ci. Zanen nan shi ne abin da na fi yaba mata. Fim ɗaya mai 4GB da aka manta a wani lungu zai fito ƙato kamar tabarma a tsakiyar ƙananan ɗigo, ka danna shi ta kai ka inda yake. Shafin File View kuma yana jero manyan fayiloli ba tare da la'akari da foldarsu ba. Ka lura da layuka biyu, Size da Allocated. Na biyun ne gaskiyar wurin da fayil ya ci. Fayil ɗin OneDrive (ma'ajin Microsoft na intanet) da ke can kawai, ba a sauke shi ba, zai nuna girma a Size, amma a Allocated kusan sifili ne, goge shi ba zai ba ka komai ba, sai ma ya goge na can sama.

Aibinta ɗaya ne, kuma babba ne. Ba ta gaya maka wannan shara ce, wannan kuma Windows ba ya tashi sai da shi. Duka akwatuna ne masu launi, kuma maɓallin gogewa na nan kusa. Don haka ga yadda nake ganin ya kamata a bi da manyan abubuwan da za ta nuna.

Windows.old, idan akwai, shi ne yawanci kan gaba. Tsohon Windows ne da aka ajiye bayan babbar sabuntawa don mai son komawa baya, kuma yakan haura 10GB. Windows na goge shi da kansa bayan kwana 10, amma wani lokaci yana maƙalewa. Kada ka goge shi da hannu, zai yi ta ƙorafin izini ya bar rabi. Ka shiga Settings, System, Storage, Temporary files, ka sa alama a Previous Windows installation, da Windows Update Cleanup, da Delivery Optimization Files, ka danna Remove files. A wannan jerin akwai Downloads. Ka duba da idonka cewa babu alama a kansa, domin abin da aka goge ta nan ba ya zuwa Recycle Bin, kuma mutane da yawa a Downloads suke barin takardun makaranta da na aiki.

Sai hiberfil.sys, a saman faifan C. Nan Windows ke juye abin da ke cikin RAM, wato ma'ajin aikin da ake kai, idan na'ura ta shiga dogon barci (Hibernate), kuma girmansa kusan kashi 40 cikin ɗari na RAM ne: laftof mai 8GB zai nuna wajen 3.2GB, mai 16GB ya haura 6GB. Ana cire shi ta buɗe Command Prompt da izinin administrator a rubuta:

powercfg /h off

Kusan kowa zai ce maka ka yi haka. Ni ina ganin a yi tunani tukuna. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, batirin laftof kuma ya tsufa, wannan fayil ne ke ceton aikinka: idan caji ya kusa ƙarewa, Windows zai juye komai a ciki kafin ya mutu, ka dawo ka tarar da takardarka yadda ka bar ta. Ka kashe shi, wannan kariyar ta tafi, saurin tashi na Fast Startup ma ya tafi. Wanda ke da wuta tsayayya da batir mai kyau, ya kashe. Wanda ba shi da su, 3GB bai kai darajar aikin yini guda ba.

Kusa da shi akwai pagefile.sys. Bar shi. Shi ke karɓar abin da RAM ya kasa ɗauka, kuma a na'ura mai 4GB ko 8GB rashinsa na sa manhajoji su riƙa rufewa da kansu. Haka foldar Installer da ke cikin Windows: ka goge abin da ke ciki, gobe Office ya ƙi sabuntuwa ya kuma ƙi cirewa. Haka foldar WinSxS, inda Windows ke ajiye sassan kansa. File Explorer na ƙara mata girma saboda yawancin fayilolinta iri ɗaya ne da na wasu foldoji, suna biyu jiki ɗaya. WizTree ba ta ƙirga irin waɗannan sau biyu, wanda ya sa lissafinta ya fi kusa da gaskiya. Hanyar rage WinSxS ita ce wannan umarni a Command Prompt da izinin administrator, a jona caja a bar shi ya kai ƙarshe ko da ya yi kamar ya tsaya:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Idan System Volume Information ce ta kumbura, wuraren komawa baya na System Restore ne, wato kwafin saitin Windows da ake ajiyewa don gyara idan wani abu ya lalace. Rubuta Create a restore point a wurin bincike, danna Configure, ka ja Max Usage ƙasa zuwa 3GB ko 5GB. Tsofaffin za su zube, sabon ya tsaya.

Inda WizTree ta fi biyan bukata shi ne AppData, foldar da ke ɓoye a ƙarƙashin sunan mai na'ura, wadda Settings na Windows ba ya fayyace abin da ke cikinta. Mai haɗa iPhone da iTunes zai iya tarar da kwafin wayarsa gaba ɗaya a MobileSync, cikin Backup, har da na wayar da ya sayar tuntuni. Mai sauke finafinai da IDM (Internet Download Manager) zai ga guntayen waɗanda suka katse a DwnlData. Mai tace bidiyo da Premiere Pro zai ga Media Cache Files, mai CapCut ma yana da tasa foldar tarkacen. Waɗannan an fi so a share su daga cikin saitin manhajar da ta tara su, bayan an gama aikin da ake kai. Telegram kuwa a Downloads yake buɗe foldarsa, duk karatu da wa'azi da bidiyon da aka sauke daga zauruka suna can. Manhajar da ba ka amfani da ita, ka cire ta daga Settings, Apps. Goge foldarta daga Program Files yana barin saura a rajistar Windows, wato kundin saitinsa, wanda zai iya hana sake girka ta lafiya.

Wani abu da ke ruɗa mutane: sun goge 10GB amma layin na nan ja. Maɓallin Delete zuwa Recycle Bin yake kaiwa, kwandon kuma a kan faifan yake zaune, sai an zubar da shi wuri zai fito. Shift da Delete tare suna gogewa kai tsaye, kuma a SSD abin da ya tafi ta haka da wuya ya dawo, ko da manhajar dawo da fayil. Na fi son a bi ta kwando, a sake kunna na'ura, a ga komai lafiya, sannan a zubar.

Abin da ya rage bayan wannan naka ne: bidiyon biki, hotuna, finafinai. OneDrive 5GB yake bayarwa kyauta, kuma ɗora manyan bidiyo da datar waya tsada ne, don haka faifan waje ya fi. A kwafa, kada a yanke. A buɗe wasu daga cikin fayilolin a can a tabbatar suna aiki, sannan a goge na laftof. Filashi mai FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce 4GB, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma yin hakan ta Format na goge abin da ke ciki. A yi hattara da filashin jabu da ke nuna 128GB alhali cikinsa bai kai ba: zai karɓi komai ba musu, ranar buɗewa a tarar da fayiloli a lalace. Manhajar H2testw na cika shi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya.

WizTree ba ta hana faifan sake cika, wannan aikin Storage Sense ne, saitin Windows da ke share tarkace da kansa. Kunna shi a shafin Storage, ka bar kwandon shara a kwana 30, Downloads kuma a Never.

Idan an yi duk wannan kuma wurin da ya rage bai kai 15GB zuwa 20GB ba a faifai mai 128GB, to faifan ne ya yi kaɗan, domin Windows kansa na keɓe kusan 7GB don sabuntawa, ban da abin da ya riga ya ci. Kafin sayen babba, a buɗe bayan na'urar ko a duba lambarta a san ko mai inci 2.5 take ɗauka ko siririn nan da ake kira M.2, idan M.2 ne kuma nau'in SATA ne ko NVMe, domin ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba. Ƙananan laftof masu 32GB ko 64GB na eMMC kuwa, ma'ajinsu a manne yake da allon ciki, ba ya canzuwa, sai dai a sa katin microSD a mayar da Downloads da Videos kansa ta Properties, Location, Move.